Makin da Anti Waƙafi Ta Ba Ƙanenta

Shekara ashirin da biyu ta yi a maɗaba'a tana duba rubutu kafin a buga, a wani ɗan ɗaki mai warin tawada, bayan injin da ke girgiza bango. A can aka laƙaba mata Waƙafi, don ta taɓa sa an tsayar da inji ana tsakiyar buga littafin lissafin 'yan firamare, a kan waƙafi ɗaya da ya zauna inda ba wurinsa ba. Da shekaru suka ja aka ƙara mata Anti a gaba. Ba ta ƙi sunan ba. Mijinta, wanda tela ne, yakan ce ko gaisuwa ka yi mata sai ta duba ko ka sa aya a ƙarshe.

Da aka rufe maɗaba'ar, wata takwas ta yi a gida tana share ɗakin da ta riga ta share. Ƙanenta ne ya fito da ita. Shi ne autansu, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau kuma Auta take ce masa, ko da yake a wurin aiki Injiniya ake kiransa, ga gemu har ya fara furfura. Yana aiki a wani ƙaramin kamfani mai ƙera wasannin waya, a bene, saman shagon masu fenti. Ya ce mata suna neman mai karatu.

"Mai karatu kamar yaya? Ni da ban iya komai a kwamfuta ba sai buga wasiƙa?"

"Ai shi ake nema, Yaya. Wanda bai san komai ba, amma kalma ba ta wuce shi."

Wasan da suke ƙerawa na mai babur ne da ke kai saƙo a cikin wani gari na zane, mai tituna da lunguna da gadojin sama. Garin an raba shi taswira arba'in, kuma kafin a saki wasan dole a bi kowace a tabbatar babu ramin da babur zai faɗa ya kasa fita, babu bangon da ake ratsawa, babu titin da ya yanke a tsakiya. Da can mutane ke wannan bin, har idonsu ya yi ja. Yanzu wata manhaja ce mai ƙirƙirarriyar basira ke yi, 'yan ofis suna ce mata Sufeto. Shi Sufeto ba ya ganin taswira da ido. Kayan aiki yake da su guda ashirin da uku, ƙananan manhajoji: wannan na auna faɗin titi, wannan na ƙidaya ƙofofi, wancan na bin hanya daga wuri zuwa wuri. Kowanne an rubuta masa ɗan bayani na layi kaɗan, Sufeto ya karanta ya san lokacin da zai ɗauke shi da yadda zai yi amfani da shi. In bayanin ya yi shiru a inda ya kamata ya yi magana, Sufeto ba zai tambaya ba. Bin sa zai yi da zuciya ɗaya.

Aikin Anti Waƙafi shi ne ta karanta bayanan nan ta ba su maki. An ba ta fom mai tambaya biyar, kowace maki biyu. Ya faɗi abin da kayan ke yi? Ya faɗi abin da za a ba shi? Ya faɗi ma'anar amsar da zai dawo da ita? Ya faɗi abin da ba ya iyawa? Ya kawo misali?

Tun ranar farko hankalinta bai kwanta a ofishin ba. Kowa sa'an 'ya'yanta ne, kowa da abin sauraro a kunne, suna hira da kalmomin da ko rabinsu ba ta kamawa. An ba ta tebur kusa da taga, inda warin fenti ke hawowa da rana. Tana tsoron ta taɓa wani maɓalli ta goge aikin mutane na shekara, har ta kan ɗaga hannuwanta sama in allo ya yi wata ƙara. Don haka ta roƙa aka buga mata bayanan duka a takarda, ta jera su, ta ɗauko biro. A kan takarda dai babu mai raina ta.

Ranar Litinin ta mako na uku Manaja ya tsaya a tsakiyar ofis ya tafa hannu. Mutum ne siriri mai magana a hankali, wanda in ransa ya ɓaci muryarsa ƙara raguwa take yi. Ya ce masu rarraba wasan za su zo ran Alhamis, yana son rahoton maki ran Laraba da safe. Har ya juya zai shiga ofishinsa, sai ya ƙara da cewa ƙarshen wata ake sabunta kwantiragin kowa, kuma zai duba makin nan in ya zo yanke shawara. Ya faɗe shi kamar mai cewa a kashe fanka in an tashi. Ita kuwa sai ta dubi takardun gabanta, don cikin bayanai ashirin da uku, goma sha huɗu sa hannun Auta ne a ƙasansu.

Yawancinsu ba laifi. Shida, bakwai, wani ma takwas. Sai bayan azahar ta zo kan na goma sha bakwai, na kayan bin hanya. Layi uku ne kacal: "Yana bin hanya daga wuri zuwa wuri. Ba shi farko da ƙarshe. In bai dawo da komai ba, hanya lafiya take."

Ta karanta sau huɗu. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta sake karantawa. Wace hanya? Ta gani da idonta a allon yaran nan cewa garin yana da titin ƙasa, yana da gadar sama da ta bi ta kansa. Ta kuma tuna a bayani na tara, wanda wani ya rubuta, an ce sai ka faɗa wa kayan lambar hawa, ƙasa ko sama, in ba haka ba ƙasa kawai zai duba. A nan babu zancen hawa ko kaɗan.

Abu biyu suka tsaya mata a wuya. Ko dai jahilcinta ne, ta je ta yi tambayar da za ta sa yara su yi ta dariya a bayan idonta, ko kuma ba jahilci ba ne, wanda ya fi muni. Ta buɗe akwatin da ake yi wa Sufeto magana, ta buga da yatsa biyu. Ta fara da sannu da aiki, don har yau ba ta iya shiga magana ba gaisuwa ko da na'ura ce. Sannan ta tambaye shi ko ya duba gadar da ke taswira ta sha biyu.

Ya amsa nan take: ya bi hanyar da kayan bin hanya kamar yadda bayaninsa ya ce, bai dawo da komai ba, saboda haka gadar lafiya take.

Amsar ba ta yi mata ba. Ta tashi ta je teburin Mai Zane, wata mace 'yar shekara talatin mai faɗin gaskiya ba kwana, wadda ita ke zana taswirorin, kullum da cingam a baki. Anti Waƙafi ta sunkuya ta yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, za ki iya karya mini gada?"

"Anti, ni gina su ake biyana in yi."

"A kwafi nake nufi. Ki yanke tsakiyarta, mu ga ko zai gane."

Mai Zane ta dube ta, sannan ta kwafi taswirar, ta ja linzamin kwamfuta ta cire rabin gadar. Wawakeken giɓi, ko makaho ya shafa ya ji. Suka tura wa Sufeto. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyi a allo, Anti Waƙafi tana roƙon Allah a ranta ya sa ita ce ba ta gane ba. Amsa ta fito da koren rubutu: babu matsala.

Mai Zane ta daina tauna. "Mako uku ke nan yana ba mu kore a kan gadoji. Ashe bai taɓa hawa ko ɗaya ba! Wa ya rubuta wannan bayanin?" Ta ja takardar daga hannun Anti, ta ga sa hannun, ta mayar mata a hankali. "Ni dai ban ga komai ba tukuna," ta ce. "Amma ran Laraba na gani."

Da yamma ta tarar da Tela a kan kekensa a zauren gida, yana haɗa labulen wani. Ta zauna a kan buhun ƙyallaye ba ta ko cire takalmi ba, ta zayyana masa komai. Ya saurara da allura a baki.

"To ki ba shi biyar mana," ya ce. "Biyar ba yabo ba ce, ba zagi ba. Ki ja shi gefe ya gyara layin nasa, shi ke nan."

"Gyaran layi ba ya mayar da mako uku. Taswira arba'in an buga musu kore, kuma ƙarya ce."

"Wasa ne fa, baiwar Allah. Babur ɗin zane ne. In ya faɗa rami ba asibiti za a kai kowa ba."

Ta san da gaskiyarsa ta wani gefen, shi ya sa maganar ta ƙara ɓata mata rai. Ta ce masa ba don babur aka ɗauke ta ba, don ta faɗi abin da ta karanta aka ɗauke ta, in ta fara rage gaskiya a kan ɗan'uwanta, me ya rage mata da za ta sayar? Tela ya ɗaga hannu ya ce shi dai ya ba da shawara kyauta, ba a mayar masa da ita da duka. Ranar ta bar shinkafa ta kama a tukunya, abin da ba ta yi ba tun tana amarya.

Ran Talata ta riga kowa zuwa, ta tsaya a matakalar bene tana jiran Auta. Da ya hawo da jakarsa a kafaɗa ta tare shi ta miƙa masa takardar, ta gaya masa abin da suka gwada. Ya fara da dariya, ya ce Yaya wannan ba irin littafin firamare ba ne. Sannan ya zauna a kan matakala, ya buɗe kwamfutarsa a cinya, ya yi ta dube-dube. Tana tsaye a kansa tana kallon ƙeyarsa har ta ga gumi ya tsattsafo masa a wuya.

"Na san da maganar hawa," ya ce. "Ni na sa ta. Na ɗauka kowa ya sani, shi ya sa ban rubuta ba."

"Sufeto ba kowa ba ne. Abin da ka rubuta kaɗai ya sani."

"Ki ba ni zuwa bayan Alhamis. In gyara, in sake tura shi a hankali, ba wanda zai ji."

"Kwana nawa sake bin zai ci?"

Ya ce biyar, ban da gyaran abin da aka samu.

"To ran Alhamis me za a nuna wa baƙi? Auta, ka tashi ka je wurin Manaja da kanka, yau. In daga bakinka ya ji, daban ne."

Ya rufe kwamfutar ya miƙe. Ya fi ta tsawo da nisa yanzu, sai da ta ɗaga kai. "Ni na kawo ki wurin nan, Yaya," ya ce, ya wuce ta ya hau.

Yinin ranar ba ta karanta layi goma ba. Idonta yana kan ƙofar Manaja. Duk lokacin da Auta ya motsa kujera sai ta riƙe numfashi, sai ta ga ruwa ya je sha, ko bayi. Da tsakar rana matar Auta ta kira ta a waya tana tambayar ko Tela ya gama rage wa yara kayan makaranta, ta ƙare da cewa, "Yaya, ki riƙa lura mana da shi, kwanan nan ba ya cin abinci." Ta ce to, ta kashe wayar. Aka tashi aiki Auta bai shiga ofishin Manaja ba.

Da safiyar Laraba ta ɗora fom ɗin a gabanta. Ta rubuta biyar da fensir, ta zauna tana kallonsa, ta goge har takardar ta kusa hujewa. Sai ta bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar ba ta san mai rubutun ba. Ya faɗi abin da kayan ke yi: biyu. Abin da za a ba shi: ya faɗi rabi, ɗaya. Ma'anar amsa: ya ce shiru lafiya ne, alhali shiru yana iya zama ba a duba ba, sifili. Abin da ba ya iyawa, sifili. Misali, babu. Uku. Ta rubuta da biro don kada ta sake samun damar gogewa.

A ɗakin taro su bakwai ne kewaye da tebur. Ta karanto makin a jere, tana jin kamar ta koma ɗaliba. Da ta ce, "Na goma sha bakwai, uku," Manaja ya ɗaga kai daga wayarsa ya ce ta yi bayani. Ta yi, a gajarce. Mai Zane ta juyo da allonta ta nuna karyayyar gada da koren rubutu a ƙarƙashinta. Manaja ya juya ga Auta.

"Injiniya, haka ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Yaushe ka sani?"

Anti Waƙafi ba ta taɓa kawo wannan tambayar a ranta ba. Auta ya dubi tebur. Yana iya cewa yanzu ya ji, ita kuma ba ta san ko za ta iya buɗe baki ta ƙaryata shi ba. Ya ce, "Jiya da safe."

"Jiya da safe," Manaja ya maimaita, da murya ƙasa-ƙasa har sai an kasa kunne. "Kuskure kowa na yi. Amma ka yi yini guda a gaban ƙofata da wannan a cikinka."

Sai a lokacin ta gane cewa gargaɗin da ta yi masa don ta rufa masa asiri shi ya ƙara masa laifi. Da ta yi shiru har taron, da mantuwa kawai za a ce ya yi. Ta so ta yi magana, ta ce ita ta gaya masa, ta ce tsoro ne ba mugunta ba, amma Manaja ya riga ya miƙe yana neman lambar baƙin don ya ɗaga zuwansu.

An ɗaga da kwana goma. Auta ya ƙara layi huɗu a bayanin, aka sake tura Sufeto ya bi taswirorin, wannan karon har sama. Ya samo wuri tara da suka lalace, ciki har da wata gada a taswira ta talatin da ɗaya inda babur ke zurmawa ya yi ta faɗuwa ba iyaka, sai an kashe wayar. Mai Zane ta kwana uku tana ɗinke su tana mita. Yaran ofis suka fara gaishe da Anti Waƙafi da wani irin ladabi da bai yi mata daɗi ba, irin wanda ake yi wa mai binciken da ake tsoro.

Ba a kori Auta ba. An karɓe shugabancin kayan aikin daga hannunsa aka ba wani, aka sabunta masa kwantiragi na wata shida maimakon shekara. Ita aka ba ta shekara cif, aka kuma kafa doka cewa babu bayanin da zai isa wurin Sufeto sai ya bi ta teburinta. Ranar da aka miƙa mata takardar ta shiga bayi ta yi kuka, ta wanke fuska ta fito.

Mako biyu Auta bai taka gidanta ba. A ofis yana gaishe ta, amma Anti yake ce mata kamar kowa, kuma wannan ya fi mata ciwo a kan ya yi gaba da ita. Tela ne ya gaji ya ɗauki kayan yaran ya kai da kansa, ya zauna a can har la'asar, ya dawo bai faɗi abin da suka tattauna ba, sai dai ya ce yaron nan taurin kansa irin na gidanku ne. Asabar ɗin da ta biyo baya, Auta ya zo da iyalinsa. Ya ci abinci, ya gyara mata rediyo, ba wanda ya ta da zancen ofis. Ba a koma kamar da ba, amma an zauna.

Har yanzu tana can, a teburin kusa da taga. Ta iya kwafin taswira da kanta, kuma duk kayan aikin da aka kawo sai ta sa an lalata wani abu da gangan ta ga ko Sufeto zai gane, ba ta yarda da kore haka kawai. Fargabar dai ba ta bar ta ba. A watan da ya wuce aka ƙara wa garin kogi da kwale-kwale, aka kawo mata sababbin bayanai shida. Kafin ta taɓa su ta kira Mai Zane ta miƙa mata takardun a kife, da baƙin salatif da almakashi.

"Ki rufe mini sa hannun kowa, ki cakuɗa su."

"Anti, ai kin san rubutun ƙanenki ko a duhu."

"Na sani. Ki dai rufe."

Mai Zane ta yanka salatif shida ta manna, ta juya takardun ta ajiye mata. Anti Waƙafi ta gyara zama, ta ja ta farko gabanta, ta fara daga layin farko.